Dashen Kunnen Bidi

A layin dukawa na kasuwar Bodinga akwai wani saurayi mai suna Tasi'u, wanda bakinsa ya riga hannunsa ƙwarewa. Takalma yake ɗinkawa da jakunkuna da kuben wuƙa, kuma aikin ba laifi. Sai dai in ka kawo masa takalmi ya tsinke, kafin ya zura allura sai ka ji yadda ya taɓa ɗinke tayar tirela a hanyar Yawuri, direba ya kai Legas ya dawo bai ƙara iska ba. A saman rumfarsa ya rataya allo, an rubuta da jan fenti: INJINIYA TASI'U, MASANIN FATA KOWACE IRI.

Wannan injiniya yana son wata yarinya a Shagari, Basira, 'yar Baba Arzika manomin albasa. Ragamar dokin mahaifinta ta kawo masa gyara ranar da suka fara haɗuwa. Aikin rabin sa'a ne, amma sai da ya sa ta zo sau uku, kullum da sabon dalili. A zuwa na uku ta ce masa, "Malam Tasi'u, in magana gare ka, ka faɗi. Dokin ya gaji da igiya." Daga nan aka fara.

Manyansa sun je neman aure. Baba Arzika ya karɓe su da mutunci, ya ce zai tafi Kajiji ɗaurin auren ɗan ƙaninsa, kwana huɗu zai yi, su dawo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci su ji amsa. Amma magana ba ta kwana a zaure. Kafin manyan su iso Bodinga, labari ya riga su cewa tsohon ya ce yaron ba shi da mugun hali, sai dai bai taɓa ganin abin da ya yi ba, abin da ya ce zai yi kawai yake ji.

Wannan magana ta tsaya wa Tasi'u a rai. Ranar Litinin da la'asar ya hau babur ya nufi Shagari zance, ya tarar da Basira ba walwala.

"Bidi na," ta ce. Bidi shi ne dokin Baba Arzika, tsohon doki mai haƙuri da ke kai shi fadama tun da gwiwoyinsa suka fara ƙi. "Jiya yas sa kai cikin waya mai ƙaya wurin neman ganyen wake, fatar kunnen dama ta saluɓe. Likitar dabbobi ta zo daga Sakkwato ta wanke ta naɗe. Ta ce a bar shi hakanan, ran Juma'a za ta dawo ta yi mishi dashen fata. Baba da ƙyar yat tahi Kajiji, yana ta waiwayen turke."

"Dashen mi?"

"Dashen fata."

Tasi'u ya miƙe zaune sosai. Fata sana'arsa ce. Dashe kuwa, duk wanda aka haifa tsakanin Bodinga da Shagari ya san shi tun yana goye: a ciro albasa 'yar ƙarama, a kafa ta a gado, a ba ta ruwa, ta kama. Ga sana'arsa ga sana'ar garinsu sun haɗu a kunnen dokin surukinsa. In Baba Arzika ya dawo ya tarar da kunne sabo fil, wace amsa ta rage masa?

"Ashe abin ma ƙarami na," ya ce. "Har sai an taso mace tun daga Sakkwato?"

"Kak ka fara," in ji Basira.

"Ban fara ba. Gobe ni ka farawa."

Washegari da hantsi yana ɗaure kaya a bayan babur, maƙwabcinsa Haliru tela ya leƙo daga kan keken ɗinki.

"Injiniya, ina zuwa da jar fatar akuya da basilla?"

"Tiyata."

"Wa Allah yaj jarraba?"

"Dokin surukina. Kunne za ni dasa mai."

Haliru ya cire zare daga baki. "Takalmina da kad dasa wa dunduniya bara, kwana biyu tay yi tak koma gida."

"Ƙafarka ce ba ta da albarka. Ƙasa ma ba kowace ke karɓar dashe ba."

A Shagari Inna Zulai, mahaifiyar Basira, ta tare shi a zaure. Ya durƙusa ya gaishe ta har ƙasa, sannan ya bayyana mata cewa shi da likitar layinsu ɗaya, bambancin kawai ita tana da farar riga. Inna ta dubi fatar, ta dubi basillar, wato babbar allurar dukawa mai tsawon ɗan yatsa biyu.

"Maigida dai ya ce kar a taɓa."

"Inna, wanda bai sani ba yake nufi."

Kunya irin ta suruka ta hana ta musu. Ta kauce masa ya shiga.

Bidi yana ɗaure a turke a gefen tsakar gida, kusa da murhu, kunnen dama naɗe da farin bandeji. Kafin Tasi'u ya gama baje kayansa, matan maƙwabta sun jeru a kan katanga, tsofaffi biyu kuma sun shigo da sandunansu sun nemi inuwa. Ganin jama'a ya ƙara masa ƙarfi. Ya naɗe hannun riga, ya yi bayanin cewa a ƙasashen waje mutum uku ne kawai suka iya wannan aiki, biyu sun rasu.

Ya miƙa hannu zai kwance bandejin. Basira ta riga shi, ta tsaya tsakaninsa da dokin, kanta a sunkuye kamar mai neman ƙarin ilimi.

"Malam Tasi'u, tambaya gare ni. Albasa kai tsaye aka dasa ta?"

"A'a. Sai an rene ta wuri dabam, ta yi ƙwari, kana a ciro."

"To ita fatar ba a renonta? Ga kunnen hagu nan lafiyayye."

Tasi'u ya juya ga jama'a.

"Abin da za ni faɗi ke nan tar riga ni. Za mu rene ta a kunnen hagu kwana biyu, ta yi saiwa, sannan mu maida ta dama."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya gyaɗa kai. Maganar ta yi daidai da abin da ya sani na noma.

Tasi'u ya yanka fata daidai tafin hannu, ya gyara bakinta, har ya buga mata 'yar tambarinsa ta tauraro da yake bugawa a takalma, don kada gobe wani ya ce shi ya yi. Ya zura zare a basilla ya matso. Bidi ya dubi basillar da ido ɗaya, ya miƙa wuya a hankali ya cire hular Tasi'u daga kansa, ya fara taunawa. Tasi'u ya kama hular yana ja, doki yana ja. Da ya ga abin zai daɗe, Bidi ya ɗaga kofato ya ajiye a kan babban yatsan injiniya, ya bar shi a nan.

"Inna," in ji Tasi'u da wata siririyar murya, "a ce mishi shi ɗaga."

"Kai da kuka layi ɗaya da likita, faɗa mishi da Turanci."

Sai da Basira ta kawo dusa a kwano dokin ya matsa. Tasi'u ya karɓi abin da ya rage na hular, ya sanar da cewa ɗinki tsohon yayi ne, yanzu duniya liƙi take yi. Aka jiƙa ƙaro, ya shafa wa fatar, ya manna a bayan kunnen hagu, ya ɗaure da tsumma. Sannan ya karɓi buta ya tsiyaya ruwa a kai.

"Safe da maraice," ya ce wa Inna. "Dashe ba shi son ƙishirwa."

Ya koma Bodinga yana ɗingishi, amma kafin magariba duk layin dukawa sun ji cewa dokin da kansa ya sunkuyo ya cire masa hula don girmamawa.

Abin da Tasi'u ya manta, shi masanin fata kowace iri, shi ne jar fata da ruwa ba sa shiri. Da ya dawo ranar Laraba, rinin ya zuba. Rabin fuskar Bidi ya yi jawur tun daga kunne har leɓe, kamar wanda aka mara da tafin lalle. Wata maƙwabciya da ta leƙo da sassafe ta riga ta kai labari bakin rijiya cewa an yanka dokin Arzika, har mahauci ya zo tambayar ko za a sayar da naman.

"Alama ce mai kyau," in ji Tasi'u. "Jini ya fara zagayawa."

"Jinin akuya ko na doki?" wata ta tambaya daga kan katanga.

"Sun gauraya. Abin da aka so ke nan."

Ya ƙara ruwa. Rana ta take, fatar da ta sha ruwa ta fara bushewa tana nannaɗewa, ta ƙanƙance ta yi tauri. Tasi'u bai gani ba, yana zaure yana ba tsofaffi labarin yadda ake dasa wa raƙumi tozo. A tsakar gida kuwa ƙuda ya dami Bidi, ya girgiza kai da ƙarfi. Tsumma ya kwance, fatar ta tashi sama ta faɗa tukunyar miyar kuka da ke tafasa a murhu. Inna Zulai tana ɗaki tana kwasar tuwo, ba wanda ya lura.

Aka kawo wa baƙo tuwon dawa a zaure. Ya sa hannu, ya ci karo da wani abu mai faɗi a cikin miya, ya ɗago shi da murna. Ganda, har an zaɓo masa babba. Wannan ai alamar karɓuwa ce a gidan surukai. Ya kai baki ya fara tauna.

Ya tauna, ya tauna. Tsofaffin suna kallonsa.

"Ta yi tauri?" ɗaya ya tambaya.

"Ku ba ku san fata ba," in ji Tasi'u, yana juya ta ɗaya kuncin. "Wagga ta saniya ce, daga wuya, 'yar shekara ukku. Daga garken Fulani ta fito, wajen Sifawa. Da harshe nika gane su."

Basira ta shigo da ruwan sha, ta ji wannan bayani, ta ce, "Ganda? Yau ba mu sa nama ba."

Tasi'u ya daina tauna. Ya ciro abin daga bakinsa ya shafe miyar da yatsa. Tambarin tauraro ya fito ras.

Tsohon da ke kusa ya leƙa ya gani, ya ce, "Ikon Allah. Saniyar ma takalminka taka sawa."

Dariyar da aka yi a zauren sai da ta tada kajin maƙwabta. Basira ta ajiye kwanon ruwa ta fita da sauri, mayafi a baki. Tasi'u ya wanke hannu a natse ya ce wannan gwaji ne, yana so ya tabbatar ko fatar ta nuna, kuma ya gano matsalar: iri ne bai dace ba. Busasshen iri ba ya tsira. Ɗanye ake so.

Ranar Alhamis ya biya ta mahauta ya samo ɗanyar fatar ɗan maraƙi, da gashinta da komai. Ya manna a kunnen hagu da ƙaro ninki biyu. Da yake ya lura albasa ba ta yin kyau sai da taki, ya ɗebo kashin awaki ya marmasa a kai, ya bi da ruwa.

Kafin azahar ƙudajen Shagari kaf sun samu labari. Bayansu karnuka biyu suka zo suka zauna a ƙofar gida kamar masu jiran sadaka. Can sai ga ungulu ta sauka a kan katanga, daidai inda matan maƙwabta suke tsayawa, ta gyara fiffike ta zuba wa Bidi ido. Ta biyu ta sauka kusa da ita.

"Ga 'yan duba marar lafiya sun iso," in ji Inna Zulai. Kunyar surukar ta fara ƙarewa. "Tasi'u, in Malam yad dawo gobe yat tarar da angulu na gadin dokinai, ni ba ni cikin wagga magana."

Basira ta ɗebo ruwan ɗumi, ta ɓamɓare fatar daga kunnen, ta jefa wa karnuka ta bayan katanga. Ƙaron ya tafi da gashin wurin, kunnen hagu ya fito tas kamar kan jariri ranar suna. Ta juyo ta dube shi. Ba fushi a idonta, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Gobe Juma'a," ta ce a hankali. "Ni dai na so a ce ka zauna rumfarka."

Wannan ta shige shi. Ya fita bayan gida, ya karɓi lambar likitar a wayar Inna, ya kira. Likita Ummukulthum tana wani ƙauye tana yi wa shanu allura, ga kukan shanu ga iska, maganar tana zuwa tana yankewa.

"Likita, abokin aikinki na, Injiniya Tasi'u. Kan maganar kunnen Bidi. Mun gwada ta akuya, mun gwada ta maraƙi..."

"Kun gwada me? Wa ya ce ku taɓa shi? Malam, ba a dasa fatar wata dabba. Daga jikin mai shi ake cira, ita kaɗai ke kamawa. Kada wanda ya..."

Layin ya yanke.

Tasi'u ya tsaya da waya a hannu, fuskarsa ta washe. Daga jikin mai shi. Shi ya sa. Doki ya san ubangidansa, ashe fata ma ta sani. Mai Bidi kuwa duk Shagari an san shi.

Ranar Juma'a Baba Arzika ya dawo da hantsi. Bai ko sha ruwa ba ya wuce turke. Ya tarar da kunnen dama naɗe yadda ya bar shi, kunnen hagu a aske, rabin fuska ja. Ya daɗe yana kallo. Inna Zulai ta ba shi labari tun daga hula har ungulu. Da ta gama, ya yi alwala ya tafi masallaci.

Bayan an sauko, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Kawun Tasi'u ya zo daga Bodinga jin amsa, liman yana nan, maƙwabta kuwa ba wanda ya gayyace su amma ba wanda ya rage a gida. An ma fito da Bidi an ɗaure a jikin bishiyar saboda likita na tafe. Ana cikin gaisawa sai ga Tasi'u a kan babur, ya goyo Isa wanzami da zabirarsa ta asake.

Ya durƙusa gaban tsohon. "Allah shi daɗe da ran Baba. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau. Na ga aiki."

"Somin taɓi na, Baba. Yanzu an gano bakin zaren. Mun yi shawara da likita, mun daidaita." Ya juya yadda kowa zai ji. "Fatar akuya ba ta kamawa, ta maraƙi ba ta kamawa. Ilimi ya nuna sai daga jikin mai shi. Shi ya sa nit taho da Isa. Kaɗan za a ɗiba, Baba, kamar tafin hannu. A cinya, inda wando ka rufewa."

Kawun Tasi'u ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a cikin tabarma. Baba Arzika ya shafa gemu.

"Cinyata."

"Ta dama ko ta hagu, duk wadda Baba yaf fi sakewa da ita."

"Kuma ka tabbata sai ta mai shi."

"Da bakin likita. In ba ta mai shi ba, ko ta sarki ce ba ta kamawa."

"To madalla." Tsohon ya gyara zama ya dubi liman. "Malam, ka shaida. Jama'a, ku shaida. Yaron ga ya wahala kan dokin ga kwana ukku, har hularsa ta tahi. Ni Arzika na ba shi Bidi kyauta, duniya da lahira. Daga yanzu shi a mai shi."

"Mun shaida," in ji jama'a, da wata irin gaggawa.

Isa wanzami ya buɗe zabira, ya zaro aska ya fara wasa ta a tafin hannu.

Tasi'u ya dubi askar. "Baba, wagga kyauta ta yi yawa. Ni wa, doki wa."

"Ka ƙi kyautata?"

Tasi'u ya dubi kawunsa. Kawu ya girgiza kai kaɗan: wanda ya zo neman 'yar mutum ba ya mayar masa da kyauta a gaban liman.

"Ban ƙi ba. Sai dai a ilimance, fata tana ɗaukar lokaci kafin ta san an yi canjin mai shi. Kamar shekara guda."

"Ɗazu kac ce yau."

"Kuma ni fatata tana da tsami. Tun ina yaro sauro ba ya cizona."

"Doki ba sauro ba ne," in ji liman.

"Injiniya," in ji Isa, yana gwada kaifin askar a gashin hannunsa, "dama ko hagu? Duk wadda kaf fi sakewa da ita."

Babur ɗinsa yana nan taku biyar, makulli a jiki. Tasi'u ya auna tazarar da ido. In ya taka da ƙarfi, kafin a miƙe ya kai kwalta, kafin la'asar yana Bodinga, kuma ba zai sake taka Shagari ba har abada. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sai idonsa ya faɗa ƙofar zaure. Basira tana tsaye daga ciki, rabin fuskarta kawai ake gani, ta riƙe bakin mayafi da hannu biyu. Ba dariya take yi ba.

Ya mayar da ƙafar. Ya taka zuwa tabarma kamar mai tafiya a cikin ruwa, ya kwanta rigingine, ya naɗe ƙafar wando har sama da gwiwa.

"Hagu," ya ce. "Da dama nika taka birki. Kawu, in abin ya zo da ƙarar kwana, basillata ta Haliru ce. Isa, ka yi bisimilla, kuma kak ka zarce."

Ya runtse ido. Isa ya tsuguna, ya ɗora murfin gwangwani a cinyar yana zagaye shi da gawayi don awo. Jama'a suka matso. Tasi'u yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Bidi, da aka ɗaure kusa da ƙafafunsa, ya ga tafin ƙafa a miƙe yana sheƙi da gumi. Ya sunkuyo ya lasa da harshensa mai kaushi.

"Ya yanka," in ji Tasi'u, ya sume.

Daidai nan motar likita ta tsaya. Ummukulthum ta fito da akwatin aikinta, ta ga taro, ga mutum a kwance da zanen gawayi a cinya, ga wanzami da aska, ga doki mai jar fuska.

"Baba Arzika, me nake gani haka?"

"Mai shi na, likita. Muna jiranki ki ɗiba."

Aka yayyafa wa Tasi'u ruwa ya farfaɗo, daidai lokacin da ake maimaita mata maganarta ta waya. Ta ajiye akwatin, ta dafa motar, ta yi dariya har hawaye suka zubo mata.

"Mai ciwon nake nufi. Dokin. Daga jikinsa ake cira, nan ƙarƙashin gezarsa, 'yan ƙanana kamar ƙwayar gero, bayan an yi masa allurar kashe zafi. A jera su a kan ciwon a naɗe, su kama su haɗe. Baba, ai na yi maka wannan bayanin tun ranar Lahadi."

"Kin yi," in ji tsohon. "Na ji sarai."

Sai a lokacin jama'a suka saki abin da suke riƙewa. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ɗaya tsohon nan na zaure yana ba waɗanda ba su sani ba labarin saniyar Sifawa. Likita ta kwance bandejin kunnen dama, ta duba, ta ce ciwon ya yi kyau, Allah ya sa ba a taɓa shi ba, yau za a yi dashen. Ta tambayi wanda ya hana a taɓa. Aka nuna zaure, inda Basira take tsaye.

Tasi'u yana kwance bai motsa ba. Ya san ta ƙare. Kawunsa ya matso gaban Baba Arzika yana murza hula a hannu.

"Malam Arzika, sai haƙuri. Amsa kam mun riga mun gane ta. Bari mu kama hanya."

"Zauna, ban ba ka ba tukuna." Tsohon ya nuna Tasi'u da sanda. "Wanga yaro wawa na. Wautarsa ta isa a raba wa gari ukku. Amma na ga idonai kan babur, na ga ya auna hanya, kana yad dawo yak kwanta. Hankali ana koya wa mutum, ɗiyata ma ta fara. Wancan ba a koya shi. Ku turo a sa rana."

Kawu ya yi godiya.

"Da sharaɗi," in ji Baba Arzika. "Ko ciwon kai tay yi, asibiti. Kak ka gwada komi."

"Na ɗauka, Baba," in ji Tasi'u daga kwance. "To dokin fa?"

"Naka na, ba a maida kyauta. Mai doki shi ka yankan ciyawa safe da maraice. Hawa kuwa sai tsoho."

Aka shafa fatiha. Jama'a suka koma wajen likita kallon dashe na gaskiya. Tasi'u ya ɗago kai kaɗan, har yanzu bai yarda ya dubi cinyarsa ba. Ya yafito Isa wanzami da ke mayar da aska cikin zabira.

"Isa, tsakaninka da Allah, kamar yaya kaɗ ɗiba?"

"Ban taɓa ka ba. Doki na yal lashe ka."

Tasi'u ya sauke ƙafar wandonsa a hankali, ya waiga dama da hagu, ya rage murya.

"To wagga magana ta tsaya nan. Kak ka bari Basira ta ji."

Daga cikin zaure aka ce, "Na ji."